Motata Ba Dabal Ba Ce, Kuma Ni Zan Kai Su Tabuka

Wata 'yar'uwa ce ta turo daga Makka, ta roƙi a ɓoye sunanta. Mai sani a kan mota ya taimaka mata, a kuma tausasa harshe.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin Allah Ya saka da alheri, don Allah kar a saka sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, saboda mu Hausawan Makka mun san juna, kuma akwai dangin mijina a guruf ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar suka rage mini kafin tafiyar da zan ba ku labarinta. Ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni, Larabci yana shigo mini ba da sanina ba.

Ni haifaffiyar unguwar Misfala ce a nan Makka, kakanninmu daga ƙasar Katsina suka zo hajji suka zauna. Ina aure a unguwar Kudai, 'ya'yana biyu mata, Yasmin mai shekara goma sha ɗaya da Hanan mai shida, sannan mahaifiyar mijina, Inna, a wajenmu take. Mijina Abu Yasmin yana da shagon turare da darduma, mutumin kirki ne, ba zan ce ga ranar da ya wulaƙanta ni ba. Shekara uku da suka wuce aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi tuƙi mai nisa, sai shi da kansa ya ce in koyi mota. Dangi sun yi surutu, ya tsaya mini har na samu lasin. Shi ya je ma'arad, inda ake sayar da motoci, ya zaɓo mini motar da hannunsa. Mai sayarwar ya ce masa duk tayoyinta huɗu suna ja. A nan irin wannan motar dabal muke ce mata, wadda ake shiga sahara da ita. Tun ranar duk wanda ya zo gidanmu sai ya ji, motar Ummu Yasmin dabal ce, babu inda ba ta shiga. A bayanta akwai haruffa uku, AWD, kullum ina ganinsu in na buɗe but, ban taɓa tambayar ma'anarsu ba.

Wadda motar nan ta fi yi wa rana ita ce Inna. Tana da ciwon gwiwa, kafin in fara tuƙi sai ta yi wata biyu ba ta sauko daga bene ba in ba asibiti za a je ba, shiga tasi wahala yake ba ta. Da na samu mota sai ta zama ita ce mai kujerar gaba. In kai ta wajen ƙawayenta a Misfala, in kai ta bakin teku a Jidda, wani lokaci ma ba inda za mu, sai ta ce mu zaga kawai ta ga gari. Har ƙiba ta yi.

Bara da sanyi, lokacin hutun makaranta, na roƙi Abu Yasmin ya bar mu mu je Ɗa'ifa mu wuni mu dawo. Shi shago ya riƙe shi saboda masu umara sun yi yawa. Muka tafi ni da Inna da yaran. Mun hau hanyar dutsen Hada cikin hazo, a hankali nake tafiya, motar ba ta ba ni matsala ba ko kaɗan duk da kwaltar a jiƙe take. Wannan ma ya ƙara mini yarda da ita. Da muka wuce wajen Shafa, Inna ta hango wani kwari a ƙasan titi, kore shar, ga sawun tayoyi ya sauka, ga wata jif a can da mutane suna shan shayi. Ta ce mu ma mu sauka. Ban yi tunanin komai ba, ai dabal ce, na bar kwalta na gangara. Na yi fakin a kan yashi mai laushi a tsakiyar kwarin, muka shimfiɗa darduma. Ban san cewa nan ne hanyar ruwa ba. A kanmu akwai rana, can saman dutse ne kawai ya yi baƙi.

Bayan mun yi azahar iska ta canza, mai sanyi, da ƙanshin ƙasa. Masu jif ɗin nan suka kwashe kayansu da sauri, da za su wuce direbansu ya yi mana hon yana nuna dutse da hannu. Wallahi na ɗauka sallama yake mana, har na ɗaga masa hannu. Ba a fi minti goma ba Hanan ta ce Mama ga ruwa. Siriri ne, kamar an bar famfo a buɗe, yana bin yashin yana zuwa. Nan gabana ya faɗi. Kafin in ɗaga Inna in kai ta mota in ɗora ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya kai ƙarƙashin motar. Na tayar, na juya kan, tayoyin gaba suka nutse. Na taka totur, sai ƙara da feshin laka, motar tana ƙara zama har cikinta ya kwanta a kan yashi. Na fara neman inda ake saka dabal ɗin. Na danna duk wani maɓalli da ke gabana, har na gilashi da na rediyo. Babu. Na ɗauko waya, babu sabis.

Da na buɗe ƙofa ruwan ya kai idon sawu, ya zama ja, yana tafe da itatuwa. Na ce wa Yasmin ta riƙe hannun ƙanwarta su hau dutsen da ke gefe kar su waiwayo. Inna ta ce mini, "Bi su. Ni na ci zamanina, bi 'ya'yanki." Ban saurare ta ba, na durƙusa na ce ta hau bayana. Taku biyu muka yi na faɗi a kan gwiwoyina, na mayar da ita kujera da ƙyar. Na tsaya riƙe da ƙofar motar ina jin ruwan yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafata, ina jin ihun yarana a sama. Ban taɓa sanin tsoro yana da ɗanɗano a baki ba sai ranar.

Wani dattijo Balarabe mai gona a wajen shi ya jiyo ihun yaran. Ya gangaro da wata tsohuwar jif duk ta sha duka, ya shiga ruwan ya ɗaura wa motata igiya. Ina kallo ya ja wani ɗan ƙaramin giya da ke gefen babban, motarsa ta yi wani gurnani, ta fara tafiya a hankali kamar mai rarrafe, ta fizge mu har saman gaɓa. Muna tsaye a wajen, ban gama rungume yaran ba, ruwan gaske ya iso. Inda motata take ya zama kogi, dardumarmu da fulas ɗin shayi ko alamarsu ban sake gani ba.

Dattijon ya zaga motata ya duba bayanta, ya ce, "'Yata, wa ya ce miki wannan dabal ce?"

Na ce mijina.

Ya ce, "Tayoyinta huɗu suna ja, wannan gaskiya ne. Amma ita take raba ƙarfin da kanta, in ta ji wata taya ta zame sai ta tura wa wata. An yi ta ne don kwalta mai santsi. Tawa ni nake saka mata dabal da hannuna, ta kulle gaba da baya su ja tare, ga giya mai nauyi, ga ta da tsayi. Taki cikinta a ƙasa yake. Kar ki ƙara sauka daga kwalta da ita, kuma ko da irin tawa ce ba a zama a hanyar ruwa da sanyi."

Muka kama hanyar dawowa har muka kusa sauka daga Hada. Inna ta dafa hannuna ta ce kar in gaya wa ɗanta. Ta ce ta san halinsa, in ya ji zai karɓe mukullin, ba don mugunta ba, don tsoro, ita kuma ta koma ɗaki ke nan. Na yarda, kuma ba zan ɗora mata duka ba, ni ma tsoron abin da zai ce nake ji. Na tsaya aka wanke motar, na saya wa yaran safa da takalma, na ce wa Yasmin wannan maganar tsakaninmu ce. Da muka shiga gida ya tambaya ya hanya, Inna ta riga ni ta ce lafiya lau, sai sanyi.

Shekara guda ke nan. Hanan tun daga ranar in aka fara yayyafi sai ta shige bayan kujera ta toshe kunne, babanta ya tambaye ni sau biyu me ya same ta, na ce yarinta ce. Ni kaina in ina tuƙi na ga ɗigon ruwa a gilashi sai ranar nan ta dawo mini. Amma na ci gaba da harkokina, na ce ai ya wuce.

Abin da ya dawo da shi, watan jiya likita ya ce ƙodar Inna ta yi rauni, ƙarshen watan nan za a fara yi mata wankin ƙoda sau uku a sati, daga nan babu sauran tafiya mai nisa. Abu Yasmin ya zauna a gabanta ya ce ta faɗi abin da take so kafin a fara. Mun ɗauka za ta ce Madina. Ta ce Madina ɗin ma, amma tana so ta ga dusar ƙanƙara. Ta gani a wayar Yasmin, bidiyon dutsen Lauz da ke bayan Tabuka ya yi fari fat, raƙuma suna tafiya a ciki. Ta ce ita da aka haifa a zafin Makka ta tsufa a cikinsa, tana so ta taɓa abin nan da hannunta sau ɗaya. Mijina bai yi wata-wata ba, ya samu mai tsare masa shago, ya kama mana masauki a Tabuka, ya gaya wa dangi kaf. Za mu kwana Madina mu wuce. Kuma ni ce direba, tafiyar da ta fi awa goma kafin ma a fara hawan dutse.

Da a kan titi za mu tsaya mu hango, da da sauƙi. Amma Inna ba ta iya taka ƙasa mai gargada, kuma a bidiyoyin da yake nuna mini motoci barin kwalta suke yi su kutsa cikin farin. Satin da ya wuce ya miƙo mini waya yana murna ya ce, "Kin ga, haka za ki shiga da mu, har inda Inna za ta buɗe ƙofa ta ɗebo da hannunta. Ai don irin wannan ranar na zaɓi dabal." Na yi murmushi, na mayar masa da wayarsa na tashi.

Ban zauna ba, na je na yi tambaya. Akwai wani bakanike a nan Kudai, Usta Adam, Bahaushen Sudan ne, shi yake canza mini mai. Na ce masa wata ƙawata ce za ta Tabuka da irin motata. Ya ce in dai a kan kwalta ne, ko da ruwa ko da ɗan santsin ƙanƙara, irin tawa ta fi jif sauƙin sarrafawa ga wanda bai saba ba, don kullum a shirye take, ba sai ka tuna ka saka komai ba. Amma in dusar ta yi zurfi ko aka bar titi, za ta zauna kamar yadda take zama a yashi. Sai ya ƙara wata maganar da ta fi tayar mini da hankali. Ya ce duk wannan ja da ake magana na tafiya gaba ne, wajen tsayawa babu ruwan birki da dabal ko ba dabal ba, duk mota da tayoyi huɗu take tsayawa, kuma a gangara jif mai nauyi ta fi wuyar tsayarwa. Ya buga tayata da ƙafa ya ce waɗannan don zafin Makka aka yi su, in sanyi ya yi tsanani robar tauri take yi ta daina kama ƙasa. Na ce to a canza, ya ce shi bai taɓa ganin tayar ƙanƙara a kasuwar nan ba, wa zai saya?

Daga nan na je wajen yayana, Yaya Bashir, shi direban bas ɗin alhazai ne, kuma yana da jif ta gaske da yake fita sahara da abokansa. Shi ban ɓoye masa cewa ni ce ba, kwarin ne kawai ban faɗa ba. Ya yi dariya ya ce motata ta kai yara makaranta ce, in ɗauki tasa. Ya ba ni na zaga unguwa. 'Yan'uwa kamar ina tuƙa ɗaki, a kwana ɗaya na ji kamar za ta kife. Ya nuna mini ƙaramin giyan, ya ce akwai dabal mai sauƙi akwai mai nauyi, kar in saka a busasshiyar kwalta zan lalata ta kuma za ta ƙi juyawa a kwana, in na ga santsi in saka mai sauƙi, in na kafe in tsaya cak in saka mai nauyi. Na ce to in titin rabi busasshe ne rabi santsi fa, ya zan gane lokacin? Ya ce zan ji a jikina. Ni da jikina yake mutuwa in na ga yayyafi. Kuma da na tambaye su, daga shi har Usta Adam babu wanda ya taɓa taka dusar ƙanƙara, kowa abin da ya ji yake faɗa. Sannan in na karɓi motar Yaya, me zan ce wa mijina? Tambayar farko da zai yi ita ce me ya samu tamu.

Na gwada wata hanyar. Na ce masa me zai hana mu hau jirgi zuwa Tabuka, can mu ɗauki direba ɗan gari da ya san dutsen. Nan muka samu saɓanin da ba mu taɓa samu ba. Ya ce Inna Madina take so ta biya, kuma zaman mota tare da jikokinta shi ne rabin abin da take so. Na nace, na ce tafiyar ta yi mini nisa. Sai ya fassara ta wani wajen, ya ce in na gaji da hidimar mahaifiyarsa in faɗa masa kai tsaye, ba sai na ɓoye a bayan jirgi ba, shi da idonsa lafiya da bai roƙe ni ba. Kwana biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Maganar ta yi mini ciwo, matar da na durƙusa a cikin ruwa don in goya ta, amma ba ni da bakin faɗa.

Sai na koma wajen Inna na roƙe ta ta sake ni daga alkawarin. Ta ƙi. Ta ce ita ta ce in sauka kwarin, in da laifi nata ne, kuma Allah Ya riga Ya tsare. Ta ce in ya ji yanzu zai fasa tafiyar, ya karɓe motar, kuma zai riƙe a ransa cewa matarsa da uwarsa sun haɗa kai sun rufe shi shekara guda. Na ce Inna ina tsoron in kashe ku. Ta ce, "'Yar nan, kwana nawa ya rage mini a waje? Ki bar ni in ga abin nan. In kika faɗa masa ban yafe ba." Tana faɗa tana kuka, ni ma ina yi. Ta riga ta sa an sayo mata rigar sanyi da safar hannu, kullum sai ta sa Hanan ta ɗauko mata ta gwada.

Ranar Laraba da na ɗauko Yasmin daga makaranta, muna tsaye a danja ta ce, "Mama, can ma akwai kwari?" Na ce ban sani ba. Sai ta ce, "In kina jin tsoron Baba ni zan iya gaya masa." Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Ni na ɗora mata wannan kayan, shekara guda tana ɗauke da shi, har ta fara tunanin ita za ta sauke mini nawa. Sai da na bayanmu suka yi ta hon kafin na ga an ba mu hannu.

To jama'a ga inda nake. Waɗanda kuke zaune a ƙasashen sanyi, ko wanda ya taɓa hawa dutsen nan da sanyi, don Allah ku gaya mini gaskiya ba abin da kuka gani a bidiyo ba. Irin motata, da tayoyin Makka, in na tsaya a kan kwalta ban sauka ba, za ta kai mu ta dawo da mu? Ko jif ɗin Yaya da ban iya ba ta fi, in koya a kwana biyar? Ana samun dusar a bakin titi inda tsohuwa za ta miƙa hannu daga kujera, ko dole sai an kutsa? In kuma muka je can ya ce in shiga na ƙi, a gaban yara da Inna, me zan ce masa a wajen?

Sannan masu ilimi da manyan mata, alkawarin da na yi wa Inna ya hau kaina ko da akwai rai a ciki? In na faɗa masa, wataƙila na hana ta abu na ƙarshe da ta roƙa, ta shiga wankin ƙoda tana fushi da ni, shi kuma ban san da wane ido zai ƙara kallona ba. In na yi shiru, ranar Alhamis bayan asuba zan zauna a bayan sitiyari, mutum huɗu su shiga su ja ƙofa. Mijina zai gyara kujera ya yi barcinsa tun kafin mu fita Makka, don a saninsa motar dabal ce kuma matarsa ba ta taɓa ɓoye masa komai ba.

Me zan yi? Zan karanta duk abin da kuka rubuta, ko zagi ne.